Ranar da Praia Mansa Ta Naɗe Hannu

Mai girma shugaban wannan taro, dattijonmu Sum Hipólito Quaresma; Fada Belmiro, wanda ya buɗe mana zauren coci ya kuma ara mana kujerunsa; wakilin majalisar gunduma, wanda ya biyo wannan hanya tamu mai ramuka tun daga birni; iyayenmu masunta, waɗanda gishirin teku ya yi wa furfura tun kafin lokacinta; iyayenmu mata masu tallan kifi, waɗanda ba don su ba da ba a ɗora tukunya a garin nan ba; masu masaukin baƙi da masu dafa musu abinci; manoman koko da suka sauko daga tudu; 'ya'yana da ƙannena matasa da ke tsaye a jikin bango saboda kun bar wa manya kujeru; jama'ar Praia Mansa, maza da mata, manya da yara: ina gaishe ku duka, barkanmu da fitowa daga addu'ar Lahadi.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya gare ku da kuka bar abincin rana a kan wuta kuka zo. Ga waɗanda suka zo daga nesa, sunana Ermelinda. Ina koyarwa a makarantar da ke kan tudu, ni ce kuma nake kula da ƙungiyar matasan da ke gadin ƙwan kunkurun teku, suke kuma yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido jagora.

An ce in tashi in yi magana da yawun matasa, in faɗi dalilin da ya sa ba mu yarda a haƙo mai a tekunmu ba. Zan faɗa. Amma ina roƙon shugaba ya yi mini uzuri, domin ba zan daɗe a kai ba. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun Asabar waccan, kuma kowa a zauren nan ya san ta, kowa kuma yana kewaye ta kamar yadda ake kewaye kashin alade a bakin teku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ranar wanka ce.

Magana ta farko, matsayinmu.

Matsayinmu bai canza ba, ba kuma zai canza ba. Ba mu yarda a kafa rijiyar mai a gaban gaɓarmu ba, ba mu kuma yarda a gina wa jiragen kamfani matsaya a kan rairayinmu ba. Mu tsibiri ne. Ba mu da wani baya da za mu ja mu tsaya. Mutumin babbar ƙasa, in ruwansa ya ɓaci, ya ɗaura kayansa ya yi gaba. Mu kuwa in muka yi gaba teku ne, in muka yi baya teku ne. Abin da muke ci daga teku yake fitowa. Abin da muke sayarwa daga teku yake fitowa. Baƙon da ya ƙetaro duniya ya zo ya kwana a ɗakunanmu, ya ci kifinmu da gasasshiyar ayaba, ya biya yaranmu su kai shi ya ga kunkuru tana haƙa rami, farin yashi da ruwa garai-garai ne suka kawo shi. Ranar da ya taka yashi ya ga tafin ƙafarsa ya yi baƙi, ba zai yi faɗa da kowa ba. Zai ɗaure jakarsa ne kawai, ya gaya wa 'yan'uwansa akwai wasu tsibiran.

Mun ga hotunan gaɓar maƙwabtanmu na babbar ƙasa, inda aka daɗe ana haƙar mai. Mun ga masunta tsaye cikin ruwan da ya koma kamar kwalta. Su ma an yi musu alkawarin asibiti da makaranta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. An ce mana mai arziki ne, ba mu musa ba. Amma mai yana ƙarewa, teku kuwa in an kula da shi ba ya ƙarewa, kuma wanda ya ƙona rumbunsa don ya sayar da toka, shekara ɗaya zai yi yana attajiri.

Wannan shi ne matsayinmu. Na faɗe shi a aji, na faɗe shi a birni a gaban manya, kuma ban taɓa jin nauyin faɗarsa ba. Yau ne karo na farko da na faɗe shi kaina a sunkuye.

Magana ta biyu, abin da ya sunkuyar da ni.

Bari in tuna mana abin da kowa ya sani. Waɗanda suka raɗa wa garin nan suna Praia Mansa, wato gaɓa mai sanyin hali, ina jin ba'a suke yi. Igiyar ruwanmu ba ta da sanyin hali. Masunci in ya dawo, sai ya tsaya can baya yana kallon raƙuman ruwa, ya zaɓi ɗaya ya hau bayansa, ya taho da shi har hancin kwalekwale ya taɓa yashi. Daga nan zuwa isowar igiya ta gaba ɗan lokaci ne ƙanƙani. A cikinsa ne mai jirgi yake cewa, “Ku kama.” Duk wanda ke bakin teku kuwa sai ya kama. Mai gyaran taru ya ajiye tarunsa. Mai goyo ta gyara goyonta ta shiga ruwa. Mashayi ya tashi da tangaɗinsa. Na sha ganin Fada ya naɗe rigarsa ya shiga har gwiwa. A ja kwalekwale a ɗora shi bisa gumaguman da aka jera, a mirgina shi zuwa tudu, sannan mai jirgi ya miƙa wa kowa kifi ɗaya. Ba a tambayar wane ne a ciki. Ba a taɓa tambaya ba.

Shugaba, ka yafe mini, zan ba da misali da kai. Tun ina yarinya na san kai da Kawu Anacleto ba ku ga maciji, saboda wani alade da ya shiga wata gonar gwaza. Har yau ba a daidaita kan aladen wa ne da gwazar wa ce ba. Shekaru kuka yi ba ku gaisawa. Amma duk ranar da ɗayanku ya dawo daga teku, ɗayan yana cikin masu ja. Za ka kama gefen jirginsa fuskarka a ɗaure, ka ja har jijiyar wuyanka ta fito, ya miƙo maka kifi yana kallon wani wuri, ka karɓa kana kallon wani wuri. Mahaifiyata takan nuna mini ku ta ce, “Kin ga waɗancan tsofaffin 'yan rigimar? Faɗansu na tudu ne. Ba ya shiga ruwa.”

Ina ma kana gari ranar Asabar waccan, shugaba.

Ga baƙinmu da ba su san labarin ba, ga shi. Kwanakin baya kamfanin mai ya turo mutanensa su auna zurfin ruwan gaɓarmu. Jirginsu babba ne, ba ya iya matsowa, suka nemi mai kwalekwalen da zai zagaya da su. Kowa ya ƙi. Kawu Anacleto ya ɗauke su. Ya yi yini yana yawo da su da na'urorinsu, suka biya shi, suka tafi. Gari ya ɗauki zafi. Ni ma na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar da yamma ya dawo daga kamun kifi. Shi kaɗai ne a jirginsa, babu ɗan kamfani ko ɗaya, sai kifi mai tashi da ya samo. Ina tsaye a barandar makaranta, inda ake hango gaɓa gaba ɗaya. Bakin teku cike yake da mutane. Matasana suna wurin, sun gama kafa allon da muka rubuta, suna sanye da fararen rigunan nan namu masu cewa tekunmu ba na sayarwa ba ne.

Na ga ya hau bayan igiya. Na ga hancin jirginsa ya taɓa yashi. Na ga ya buɗe baki. Ban ji muryarsa ba saboda nisa, amma na san abin da ya ce, don babu wata kalma da ake faɗi a wannan wuri sai ita.

Babu wanda ya motsa.

Daga baya aka gaya mini abin da aka ce. Wanda ya faɗa ɗin ya zo gidana da ƙafarsa, ya kuma ce in ambaci sunansa a gaban jama'a, don haka zan ambata. Juvenal ne, shugaban masu jagoranmu, yaron da babu kamarsa a ƙwazo cikin duk waɗanda na koyar. Ya ce, “Kada wanda ya taɓa. Ya kira kamfani ya ja masa.” Wani ya ƙara da cewa, “Kawu, ina Turawan naka? Ko sun tafi da igiyar?” Aka yi dariya.

Amma kada mu ɗora wa yara kayan duka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai manya a wurin. Akwai masu gyaran taru da suka ga allurarsu ta fi komai muhimmanci a wannan lokaci. Akwai iyayenmu mata da suka sunkuya suna ƙirga kifin da suka riga suka ƙirga. Da mutum ɗaya mai furfura ya miƙe ya taka ruwa, da yaran nan sun bi shi, na rantse da sun bi shi.

Tsohon ya diro cikin ruwa ya rungumi hancin jirginsa shi kaɗai. Igiya ta zo ta juya jirgin a karkace. Ya sake kira. Wata ta zo ta ɗaga shi ta maka a kan baƙaƙen duwatsun nan, shi da jirgin tare. Na sauko da gudu, takalmina a hannu, amma tudun makaranta da nisa. Kafin in iso, kwalekwalen ya tsage daga hanci har ciki, kifi ya watsu a yashi, aladu sun taru a kai.

Ba a rasa masu taimako gaba ɗaya ba. Mata biyu ne suka shiga ruwa suka jawo shi, Turawa, baƙin da suka sauka a ɗaya daga cikin masaukanmu. Ba su san inda ake kamawa ba, ɗaya har ta yanke a hannu. Da na iso, ta dube ni, jini na zuba, ta tambaye ni cikin ladabi, ba da gatse ba. Ta ce, “Malama, jiya jagoranmu ya gaya mana a garin nan ba a barin kowa da igiyar ruwa, ko da maƙiyi ne. Yau hutu ake yi?”

Jama'a, na yi karatu daidai gwargwado. Na iya harshenta. Na tsaya a gaban manyan birni na mayar musu da magana. Amma a gaban wannan mata kunya ce ta rufe ni. Wannan al'ada ita muke ba baƙi labari kullum. Da ita muke ƙawata yawonmu. Muna tsayar da su a bakin teku mu ce ku duba, ku ɗauki hoto, haka muke tun kakanni. Ashe mun mai da ita abin nunawa, mun manta abin yi ce.

Magana ta uku, abin da na ji a gidan Kawu Anacleto.

Na je gaishe shi. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, an ɗaure masa haƙarƙari da zane. Matarsa, Inna Quitéria, tana banda kifin da ta saya a jirgin wani. Matar masunci tana sayen kifi. Ku riƙe wannan.

Da ya gan ni ya ce, “A'a, Malama. Ƙirgar ƙwai kika zo? Ba mu da kunkuru a gidan nan.”

Na ce, “Kawu, gaisuwa na zo. Ya jiki?”

Ya ce, “Jiki ya yi kyau. Dariya ce kawai likita ya hana ni, kuma garinku bai ba ni dalilin yi ba.”

Na zauna. Da hira ta ɗan yi nisa na ce, “Kawu, don Allah me ya kai ka ɗaukar mutanen nan?”

Ya ce, “Ke kuma me yake kai yaranki ɗaukar nasu baƙin? Baƙo ya ce a kai shi, na kai shi. Naku sun zo da abin ɗaukar hoto, nawa sun zo da abin aune-aune. Ni duk akwati nake gani.”

Na ce, “Kawu, ka san ba ɗaya ba ne.”

Ya gyara zama. Can ya ce, “Na sani. Ni ba yaro ba ne. Amma bari in tambaye ki. Tun da jirgin nan na kamfani mai buga ƙasan teku yana neman mai ya wuce bara, kifi ya yi nisa. Inda nake zuwa in dawo kafin rana ta take, yanzu sai ta karkata. Na zo taronku na ɗaga hannu in faɗa. Kika ce, to Kawu, bari a gama maganar kunkuru. Har yau ana gamawa. Kunkuru tana da masu gadi, da fitilu, da riguna masu hotonta. Ni da aka yi wa baftisma a cocin nan, wa yake gadina?”

Inna Quitéria ta ce daga bakin murhu, “Gaya mata maganar masauki.”

Ya ce, “Ke bari.”

Ta ce, “Ba zan bari ba. Malama, masu masaukin nan da ke ihun teku, teku, kifin da suke ba baƙinsu daga ina yake zuwa? Daga birni, cikin ƙanƙara, wai nasu ya fi zama daidai a faranti. Ina wucewa da tasa a kai, ko leƙowa ba sa yi. Kuɗin baƙi yana shigowa garin nan, na yarda. Ta ƙofata dai bai taɓa bi ba.”

Masu masauki, kuna nan zaune, kuma wasunku abokaina ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna cewa yawon buɗe ido ya fi mai saboda shi na kowa ne. To, ya zama na kowa ɗin. In mutum yana ganin baƙi suna wucewa ta gabansa shekara da shekaru bai taɓa cin ko loma ɗaya ta dalilinsu ba, kada mu yi mamaki ranar da wani baƙon daban ya miƙa masa hannu ya karɓa.

Yanzu ga abin da ya fi komai ƙona mini rai. Na tambayi Kawu wa da wa suka zo duba shi. Ya ce, “Kafin ke? Mutum ɗaya.” Wakilin kamfani ne. Shi ya fara zuwa. Ya zo da magani, ya zauna a kan wannan kututturen da na zauna, ya yi masa jaje da kyau.

Kun san filin da ke ƙarshen gaɓa, inda rumfar jirgin mahaifin Kawu Anacleto take, inda ruwa ya fi zurfi kusa da tudu. Nan ne kaɗai a gaɓar nan za a iya gina matsayar jirage. Kamfani ya daɗe yana nemansa, Kawu ya daɗe yana ce musu a'a, domin a nan aka binne cibiyarsa. Ya ɗauke su a jirgi, gaskiya ne. Fili kuwa ya hana su, kuma babu wanda ya taɓa yi masa na gode a cikinmu.

Wannan karon wakilin bai yi maganar kuɗi ba. Ya fi mu wayo. Cewa ya yi, “Baba, ka ba mu filin, mu ba ka jirgi na zamani mai inji. In muka gina matsaya, kana dawowa sai ka ɗaure jirginka a jikinta ka hau tudu da ƙafarka a bushe. Ba ka bukatar hannun kowa har abada.”

Ba ka bukatar hannun kowa. Jama'ar Praia Mansa, wa ya koya wa wannan mutum abin da zai faɗa? Mu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da hannunmu muka tsaga shi, ko in ce da rashin hannunmu. Watanni muka yi muna rubuta alluna muna zanga-zanga don kada su samu wurin sa ƙafa, sannan a yammaci ɗaya muka yi musu aikin da suka kasa yi wa kansu. Wakilin zai dawo karɓar amsa cikin makon nan.

Na ce, “Kawu, me za ka ce masa?”

Ya ce, “Ban sani ba, 'yata. Ni dai ban iya zama a tudu ba. In ban koma teku ba, mutuwa zan yi a kan kujerar nan, Quitéria ta huta da wankina.”

Magana ta huɗu, kuma ta ƙarshe, abin da nake roƙo.

Akwai kwalekwale. A can sama da gonakin koko, a filin dangin Kawu Anacleto, akwai rimin da aka sare tun bara. Masassaƙi ya gama fafe shi da gizago, yana nan kwance a daji an lulluɓe shi da ganyen ayaba. Saukowa da shi kawai ya rage. Kun san hanyar, kun san gangaren, kun san ba aikin mutum goma ba ne. Kun kuma san ruwan sama ya kusa kankama, in ya kankama kuwa hanyar ta zama taɓo sai wata shekara.

Kun san yadda ake yi. Mai sabon jirgi yakan ɗauki goran bammi ya bi gida gida. Duk ƙofar da ya tsaya, mai gida ya fito ya kurɓa, wanda ya kurɓa kuwa ya ɗauki alkawari, ranar gayya zai zo da kafaɗarsa. Matar mai jirgi ta dafa kalulu, miyar nan tamu ta kifi da ganye da manja, a ja, a yi waƙa, a ci. Haka aka sauko da kowane kwalekwale da ke kwance a gaɓar nan.

Na ce, “Kawu, ga bammi a gari, ga ƙofofi. Ka ɗauki gora mana.”

Ya dube ni ya ce, “Malama, na kira gari sau biyu a rana ɗaya, ruwa na dukana. Kina so in bi su ɗaya bayan ɗaya su sake yi mini shiru, kowa a ƙofarsa?”

Ba zai ɗauki gora ba. Ni kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka ga roƙona. Tun da aka kafa garin nan, mai jirgi ne yake zuwa ƙofar gari. Yau gari ya je ƙofar mai jirgi. Mu ɗauki goran da kanmu, shugaba a gaba, Fada a gefensa, masu taru da masu tasa da masu masauki a baya, mu tsaya a ƙofar Kawu Anacleto mu yi sallama. Mu miƙa masa. In ya kurɓa, ya ba mu izini ke nan mu hau tudu gobe mu sauko masa da jirginsa. Zumunta a ƙafa take.

Na san abin da wasu ke raɗawa, don an riga an raɗa mini a bakin ƙofa. An ce, to, mu ja masa, amma ya fara rantsewa ba zai ba da filin ba. Ina roƙonku da girman Allah kada mu yi haka. Ba a taɓa tsayar da mutum cikin ruwa an ce sai ya yi rantsuwa kafin a kama masa ba. In muka sa sharaɗi, mun zama kamfani na biyu, kuma namu tayin bai kai nasu tsoka ba, su inji suke bayarwa. Ba ciniki za mu je ba. Haƙƙinsa ne da muka danne za mu mayar. In muka sauko da jirgin, ya shiga teku, sannan ya ga dama ya ba su filin, zan yi kuka, zan kuma ci gaba da yaƙi da rijiyarsu ta kowace hanya da doka ta ba mu. Amma ranar da ya dawo daga kamun kifi ya ce a kama, zan kama.

Ku kuma 'ya'yana. Ku ɗago kanku ku dube ni. Ina alfahari da ku, ban daina ba. Ku ne kuke hana idonku barci don ƙwan da ba naku ba. Ku ne kuka sa birni ya san akwai wani gari mai suna Praia Mansa. Zafin zuciyarku a kan tekun nan dukiya ce, kuma ba na so ya huce. Amma tekun da muke karewa ba ruwa ne da kifi kawai ba. Har da mutanen da ke fita cikinsa da safe suna da tabbacin in sun dawo akwai hannu a gaɓa. In muka kori kamfani muka wayi gari mun zama mutanen da ke tsayawa suna kallon tsoho yana kokawa da igiyar ruwa, ban san me muka tsare ba. Gobe ku zo da tsofaffin riguna, aikin akwai taɓo. Fararen nan ku ninke ku ajiye tukuna. Za mu sake sa su, in mun cancanta.

Juvenal, na ga ka miƙe. Ina za ka? Wurin mai bammi? To, dakata kaɗan, ɗana, ba a fita ana tsakiyar magana. Ku ma da kuka bi shi, ku tsaya a bakin ƙofa.

Shugaba, Inna Quitéria ce take magana a can baya. Ban san ta shigo ba. Inna, ɗaga murya kaɗan.

Ga waɗanda ba su ji ba, ga abin da ta ce. Ta ce kada a kawo bammin jiya, mutumin nata haƙarƙarinsa ne ya karye, harshensa lafiya lau. Ta ce ita ba ta ɗauki alkawarin zai fito ba, don ta fi kowa sanin taurin kansa, amma za ta riga mu zuwa ta ɗauke sakatar ƙofa. Ta ce kuma tukunyarta ba ta isa gari ba, duk mai niyyar cin kalulu gobe ya zo da ayabarsa da manjansa.

Mun ji, Inna. Mun kuma gode.

To, mu miƙe gaba ɗaya.

Allah Ya ba Kawu Anacleto lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa a kanmu, Ya sa ya karɓi goran nan. Allah Ya yafe mana shirun da muka yi. Allah Ya riƙe ruwan sama har mu sauko da rimin nan lafiya, kada igiya ta tsinke, kada ƙafar kowa ta goce. Allah Ya tsare tekunmu daga baƙin mai, Ya tsare zukatanmu daga abin da ya fi mai baƙi. Allah Ya ba shugabanninmu na birni kunnen jin ƙananan garuruwa. Allah Ya albarkaci masu fita da masu jira, masu taru da masu tasa, baƙinmu da 'ya'yanmu. Wanda ya zo daga nesa, Allah Ya mai da shi gida lafiya. Mu kuma na gida, Allah Ya ba mu ƙafar zuwa ƙofar da za mu je yanzu.

Shugaba, kai ne a gaba.

Na gode.